Kashi Goma Namu

Ni ce ma'ajin garin nan, shekara goma sha ɗaya,
a arewacin Manitoba, inda tafki ke daskarewa
har babbar mota ta bi ta kansa ba ta nutse ba.
Taga ɗaya gare ni, tana kallon Titin Makaranta,
duk ramin da ke cikinsa na san ranar haihuwarsa.

A nan sanyi ne ke cin kwalta.
Ruwa ya shige tsaga, ya kwana, ya kumbura,
in ƙanƙara ta narke a watan Mayu
sai titi ya wage baki kamar mai jiran loma.
Taras Hrynko ya zaga gari ya ƙirgo mini:
ɗari huɗu da sittin da biyu,
ban da na ƙofar asibiti,
wanda ya ce ya wuce rami, a zuba masa kifi kawai.

Sai ga takarda daga tarayya, da hatiminta:
za a gyara mana filin jirgi.
Sabuwar shimfiɗa, fitilu, shingen tare namun daji.
Su kashi casa'in, mu kashi goma.
Can ƙasa, da baƙaƙe ƙanana kamar kiyashi:
ko anini kada ya ƙetare shingen filin.

Goman nan fa, ina zan samo ta?
Na buɗe tukunyar ruwan famfo, ƙanzo.
Ta kwasar shara, ƙanzo.
Asusun titi kaɗai ke da sauran romo.

Daren Laraba muka zauna, kujerun ƙarfe, kofi ya huce.
Odile Beardy ta miƙe da makullin bas ɗin makaranta a hannu.
Ta ce, taya uku na canza bana,
yaran kujerar baya sun koyi ɗaga gindi
tun kafin mu kai kwanar coci.
Lorne Pelletier bai tashi ba, hularsa yake murzawa.
Ya ce, a Janairu jirgin marasa lafiya ya zo,
ya kewaya sau biyu, bai ga fitila ba, ya juya.
Mahaifina na kwance cikin mota yana jin ƙararsa
tana yin nisa.

Ba wanda ya yi tari.
Na duba lissafina ko zai haihu, bai haihu ba.
Taura biyu ce aka sa mana a baki,
kuma haƙoran garin nan na san adadinsu.

Hannu huɗu suka tashi, uku suka tsaya kan cinya.
Ni ba ni da ƙuri'a. Rubutawa na yi.
Amma zomo ba ya fushi da makashinsa,
ni ake harara a kantin burodi har yau.

Yanzu je ka ga filin da dare.
Sumul kamar faranti, fitilu shuɗɗa a jere,
jirgi na sauka ko shayin matuƙi bai zube ba.
Sai dai kilomita bakwai ne daga asibiti zuwa can,
motar marasa lafiya na bin su da tafiyar hawainiya,
ma'aikaciyar jinya ta riƙe ledar ruwa da hannu biyu.
Taras ya samo ragowar kwalta, buhu tara,
yana cike manyan da shebur bayan an tashi aiki.
Bai rubuta awannin ba. Ni ma ban tambaya ba.

Jiya na buɗe littafin baɗi.
Odile ta wuce ta gaban tagata, ba ta ɗago hannu ba,
bas ɗin ya faɗa rami, ya fito.
A layin farko na rubuta Titin Makaranta,
da fensir,
kamar bara.